Kurakuran da Muke Yi Wajen Sharhin Fim da Yadda Za a Gyara Su

Ka tambayi mutum yadda ya ga wani fim, sai ya gyara zama ya fara: "Wato shi jarumin tun yana ƙarami aka kashe masa uba..." Haka zai bi labarin tiryan-tiryan, ya tona maka yadda aka gama da bos, sannan ya ɗauka sharhi ya yi. Wannan shi ne uban kurakuran. Labarin ramuwar gayya an yi shi sau ba adadi, amma wani ka manta shi kafin ka isa gida, wani ya zauna maka a rai shekara da shekaru. Bambancin yana wajen yadda aka ba da shi: ina aka ajiye kyamara, me aka nuna, me aka ɓoye, a ina aka yanke.

Ɗauki Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fito a 1975. Inda ɗan fashi Gabbar ya zo ya hallaka iyalan ɗan sanda Thakur, abin da ke cika kunnenka shi ne ƙarar lilo yana kai-komo cikin iska. Da ya saita bindiga a kan ƙaramin yaron, ba a nuna maka harbin ba. Sai aka yanke zuwa kan jirgin ƙasa yana huci, Thakur yana saukowa bai san abin da ke jiransa a gida ba. Hucin jirgin ya tsaya a madadin ƙarar bindiga, zuciyarka ta ƙarasa sauran. Wannan aikin mai tace fim ne, wato mai yanka hotuna da haɗa su, M. S. Shinde, kuma kambun Filmfare (kyautar fina-finan Indiya) ɗaya tilo da fim ɗin ya samu a shekararsa na tacewa ne. Gyaran kuskuren nan ba wuya: ware fitowa guda da ta taɓa ka, ka maimaita ta sau uku. Sau ɗaya ka kalle ta yadda take, sau ɗaya ka kashe sauti ka bar idonka ya yi aiki, sau ɗaya ka rufe ido ka saurara kawai.

Sai ɗora komai a kan jarumi. Mu da muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, muka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, ba a raba mu da son 'yan wasa, kuma ba laifi ba ne. Amma muryar da ta sa ka hawaye a tsofaffin waƙoƙin nan galibi ta Lata Mangeshkar ce ko Mohammed Rafi, ɗan wasan bakinsa kawai yake motsawa. Ka riƙa tsayawa kana karanta sunayen darakta, marubuci, mai ɗaukar hoto da mai kiɗa. Bayan ɗan lokaci za ka fara gane hannun mutum kafin ka ga sunansa.

Akwai kuma yanke hukunci daga fassarar Hausa kaɗai. Ina ganin ƙoƙarin masu fassara, sun kai fim wurin mutanen da da sai dai su yi ta cinkar abin da ake faɗa. Sai dai mai fassara yakan cusa barkwancin da babu shi, ya yi magana a inda darakta ya bar shiru da gangan. In za ka yi sharhi, nemi na asali mai rubutu a ƙasa ka gwada su.

Kada ka kira kowane fim ɗin Indiya Bollywood. Wannan sunan na masu yi da harshen Hindi ne a Mumbai. Baahubali na 2015 daga masana'antar Telugu ya fito, akwai ta Tamil da ta Malayalam, kuma Satyajit Ray da Bengali ya yi Pather Panchali a 1955, ba rawa ba bos.

Wanda ya fi ci min rai shi ne a kashe fim bayan minti goma a ce "ba ya tafiya". Majid Majidi na Iran ya yi Children of Heaven a 1997 a kan takalmi kawai: yaro ya ɓatar da na ƙanwarsa, suka ɓoye wa iyayensu saboda sun san babu kuɗin wani. Ita ta sa nasa ta je makarantar safe, ta dawo a guje ta cikin lungu ta miƙa masa, shi ma ya zura ya ruga. Duk wanda ya taso a gidan da ake gadon kayan yayye zai ji wannan gudun a ƙirjinsa. Irin wannan fim sai ka ajiye waya, ka ba shi rabin awa kafin ka yanke masa hukunci. Kuma ba sai ka tsallaka teku ba: Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babban kambun bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972.

Sannan ga auna fim da "darasi" kaɗai, wanda muka fi yi wa na Kannywood. Saƙo zai iya yin kyau alhali sautin na shaƙewa, hasken na canzawa a tsakiyar magana. Ka faɗi duka biyun, kuma duk inda ka ce ya yi ko bai yi ba, ka nuna fitowar da ta sa ka faɗi haka.