Yadda Za Ka Duba Murjanin Tankinka In Ya Fara Fari

Tun shigowar bazara masu kiwon murjani (halittar teku mai rai da ake rainonta a tankin ruwan gishiri) a Kano ke ta tambayata abin da za su yi in ya fara fari. Ga yadda nake yi:

1. Auna zafin ruwan. Digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Celsius ake so, amma da an ɗauke wuta da rana sai ya haura.
2. Auna gishirin ruwan: 1.025 ake so a ma'aunin nauyin ruwa (specific gravity).
3. Auna alkali, wato ƙarfin ruwan na kashe tsami: 8 zuwa 9 ake so a ma'auninsa da ake kira dKH.

Hattara: in awon ya kauce, gyara shi sannu a hankali. Gaggawa ta fi kashe murjani.

4. Haska murjanin da tocila. In ya koɗe amma tsokarsa na nan, yana iya farfaɗowa. In ƙashi ne tsirara, tsokar ta zube, abin ba daɗin gani.
5. Ɗauki hotonsa safe da yamma.
6. In farin na ci gaba cikin sa'o'i, yanke reshe mai lafiya ka ware shi.