Yadda Ake Narkar da Ragowar Kifi a Samu Furotin

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gyaran kifi a bakin kogin Rima, ko inda masunta ke sauke kamun madatsar ruwa ta Goronyo, ya ga kayan ciki da ƙayoyi da ƙananan kifayen da ba su sayuwa, an bar wa ƙudaje. Kan tarwaɗa dai ba a zubar da shi a wurinmu, amma sauran asara ce mai ciwo, domin furotin ɗin da ke cikinsu yana ɗauke da sinadarin laisin mai gina jiki, wanda gero da dawa da masara suke da ƙarancinsa. Idan aka narkar da shi ya kakkarye zuwa ƙananan sassa, hanji ya fi saurin tsotse shi, shi ya sa yake amfanar 'yan tsaki da 'ya'yan kifi na kiwo.

A fara da ragowar da aka yanka a ranar, domin a zafin bazarar Sakkwato kayan ciki ba sa daɗewa ba su ɓaci ba, kuma tafasawa ba ta kashe gubar da ruɓaɓɓen kifi ya riga ya tara. A cire matsarmama a hankali kada ta fashe, in ba haka ba ɗaci zai game tukunyar. A wanke, a niƙa, a zuba ruwa daidai yawan niƙan.

Abin da zai yi narkarwar yana jikin ɗanyar gwanda. A tsattsaga bawonta da wuƙa tun tana kan itace, a tari farin ruwan da ke ɗigowa, wanda ke ɗauke da sinadarin fafen, a juya shi cikin haɗin. A nan ne aikin yake buƙatar haƙuri: wuta ta zama 'yar kaɗan, zafin ya tsaya wajen digiri 55 zuwa 60 na ma'aunin Celsius har awa biyu ko uku, ana motsawa. In aka bari ya tafasa tun farko, sinadarin ya mutu, sai a tashi da romo kawai. Za a ga naman ya saki ƙaya, haɗin ya tsinke kamar koko.

Daga nan a tafasa shi minti 15, a tace, a kwashe man da ya taso domin shi ne ke saurin yin ɗoyi. Ruwan da ya rage a kwaɓa shi da dusa, a shanya a kan tsaftatacciyar tabarma har ya bushe ƙayau, sannan a riƙa gauraya kaɗan a abincin kaji.