Darasi na 9: Idan Laftof Ta Ƙi Tashi Daga Filashi

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma a Tudun Wada ta zo da laftof ɗinta, HP 'yar tokumbo. Windows ɗin ciki ya rikice, ɗanta ya ɗora mata sabo a filashi. Ta soka filashin, ta kunna, kwamfuta ta wuce abinta kamar ba a soka mata komai ba. Ta ce, "Malam, ta lalace ke nan?" Lafiyarta ƙalau. Mai gadinta ne bai ba filashin hanya ba.

Kafin Windows ya farka, akwai wani ƙaramin shiri da ke riga shi tashi. Sunansa BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Shi ke zaɓar inda kwamfuta za ta tashi, kuma ya saba da faifan ciki. Sai an gaya masa kafin ya waiwayi filashi.

Kashe kwamfutar, ka soka filashin, ka kunna. Kana sakin maɓallin kunnawa ka fara danna maɓallin zaɓin inda kwamfuta za ta tashi a kai a kai, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. A HP, F9 ne. A Dell da Lenovo, F12. A Asus, Esc. Yawancin ɗalibai a nan suke faɗuwa, domin suna jira sai tambarin kamfani ya ɓace, alhali a lokacin an riga an rufe ƙofa. Idan hannunka bai kai saurin ba, bari Windows ya buɗe, ka riƙe Shift, ka danna Restart. Shafi mai launin shuɗi zai fito, ka zaɓi Use a device.

Wani lokaci sunan filashin zai fito, ka zaɓa, kwamfuta ta ƙi. Wannan aikin Secure Boot ne, tsarin tsaro da ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012. Ba ya barin shirin da ba shi da hatimin da ya sani. Ana kashe shi a cikin BIOS, wanda ake shiga lokacin kunnawa da F10 a HP, F2 a Dell. Nemo Secure Boot, ka mayar da shi Disabled, ka ajiye canjin kafin ka fita. A Acer da yawa ba zai taɓu ba sai ka fara saka Supervisor Password. Rubuta kalmar sirrin a littafinka nan take.

A nan ina roƙonku ku dakata. Idan an kulle faifan ciki da BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanai da shi, taɓa Secure Boot na iya sa kwamfuta ta nemi mabuɗi mai lambobi 48. Wanda ba shi da su, hotunan biki da takardun makarantar yara sun kulle ke nan. Ka fara duba mabuɗin a asusunka na Microsoft, ka kwafe kayanka zuwa wani wuri. Idan ka gama aiki, ka mayar da Secure Boot yadda ka same shi.

Idan kuma sunan filashin bai fito ba sam, gwada soka shi a wata kafar. Sannan ka tambayi wanda ya haɗa shi: da ya yi amfani da Rufus, manhajar ɗora Windows a filashi, wane tsarin faifai ya zaɓa, GPT ko MBR? Sabuwar kwamfuta mai UEFI tana son GPT, tsohuwa MBR. A tabbata filashin ya kai gigabait 8, kuma a guji jabu mai arha.

Kada ka fara sai batir ya cika, don wuta ba ta sallama idan za ta tafi.

Ita ɗalibarmu F9 kawai ta ishe ta, a gwaji na uku. Na kusa da ita kuwa ya danna F10, sai BIOS ya nemi kalmar sirri da tsohon mai kwamfutar ya saka tun a ƙasar waje. Wannan ba gyaran gida ba ne. Ya ɗauki rasidinsa ya koma shagon da ya saya.