Kurakuran da masu sayen fili ke ta maimaitawa a Tawa da ƙauyukanta

Makon jiya ƙanen matata ya kira ni daga Abijan, murya cike da murna: "Yaya, an samo mini hili a bakin gari, da araha, gobe zan turo kuɗɗi." Na ce gonar wa aka yanka? Bai sani ba. Wa ya je ya gani? Dillali. Wace takarda ke akwai? Wai za a yi daga baya. Shi ne na huɗu a bana da ya zo mini da irin wannan zance, kuma na gaji da maimaita magana guda a waya.

Na san abin da ke ingiza mutane. Tun bikin Tahoua Sakola, wato bikin ranar jamhuriya da aka yi a Tawa a Disamban 2017, gari ya buɗe, kwalta ta shiga unguwanni, jami'a ta tara ma'aikata da ɗalibai masu neman haya, gonakin hatsin da ke bakin gari suka koma fegi-fegi. Kuɗin 'yan ci-rani na Kodebuwa da Libiya da Najeriya ma a ƙasa suke ƙarewa, don mutumin Adar bai yarda ya samu ba sai ya kafa gida a garinsu. A fadamun Galmi da Madawa kuwa albasa ce ta sa ƙasa ta yi daraja. Malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa na kallon farashi na tsere masa, sai tsoro ya kama shi, ya miƙa kuɗi ido rufe.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane, wanda ni ma ya ci ni, shi ne sayen gonar gado daga hannun mutum ɗaya.

Shekara shida ina tura baro da talla a kasuwar Ajame ta Abijan kafin in tara jika 900 na sefa. Kawuna ya haɗa ni da wani magidanci a ƙauyenmu, babban ɗan wani marigayi. Shi ke noma gonar tun rasuwar ubansa, duk gari da sunansa ake kiranta. Aka yago takarda daga littafin ɗan makaranta, aka rubuta ciniki, shaidu biyu suka dangwala, aka yi fatiha. Na zuba harsashi, bulo ya kai layi huɗu. Ana nan sai ƙanensa ya dawo daga Libiya, ya ɗauko 'yan'uwansu mata biyu da ke aure a wani gari, muka haɗu gaban sarki. Tambaya ɗaya sarki ya yi: "An raba gadon nan?" Fada ta yi tsit. Daga nan ciniki ya mutu, kuma da gaskiyarsu, don mutum ba ya sayar da abin da ba shi kaɗai ke da shi ba. Kuɗina kuwa an riga an yi aure da su. Shekara huɗu ina karɓa kaɗan-kaɗan, wani sa'in da damman hatsi. Harsashin ya tafi a banza. Abin da ya fi ci mini rai, ni da kawu mun kai shekara biyu sai gaisuwar masallaci.

Tun daga ranar, tambayata ta farko ga mai sayarwa ita ce: ƙasar nan ta wace hanya ta shigo hannunka? Gado, saye, kyauta, aro ko jingina? In aro ce ko jingina, na shafa fatiha na tashi, ko da kakansa ne ya fara nomanta. In gado ce, sai in ce ya ƙirga mini 'ya'yan marigayi ɗaya bayan ɗaya, da matan da ya bari. Ina nanata mata, don su ake tsallakewa. 'Ya mace tana da rabin rabon namiji, matar mamaci tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, kuma wadda ta yi kawaici yau, ɗanta ba zai yi ba in ya girma. Wanda ke gida ya zo ya zauna. Wanda ke ci-rani a kira shi ta WhatsApp, ya faɗi yardarsa da bakinsa kowa na ji. Sannan mu taka iyaka da ƙafa tare da maƙwabtan gona na gabas da yamma, kudu da arewa.

Bayan haka sai takarda ta gaske. Tun 1993 Nijar ke da dokar ƙasar karkara, Kod Rural, ita ta kafa kwamitocin da muke kira Kofo, daga na ƙauye da maigari ke jagoranta har na komin da na departama. Can ake ba da shaidar saye da ake shigarwa cikin rajista. In kuwa fegi ne cikin lotisma, wato filayen da hukuma ta yanka, a nemi akti, takardar mallakar fegi ta ma'aikatar magajin gari, a je da ƙafa a duba lambar fegin cikin littafinsu, don fegi ɗaya kan fito da masu shi uku. Mai hali ya ci gaba har ya yi titir fonsiye, babbar takardar mallakar ƙasa ta gwamnati. Ni kashi uku nake biya: ɗaya ranar zaman magada, ɗaya ranar sa hannu, na ƙarshe sai takarda ta shigo aljihuna. Wasu na cewa na cika tsanani. Su faɗa.

Kuma don Allah ku bar wannan kunyar da ke kashe ku! "Ai baba ne, ya za a yi in ce ya kawo takarda?" Baban nan ba zai dawwama ba, kai ma haka. Rigimar 'ya'yanka da nasa za ka bari. Na ga zumuncin da neman takarda ya ɗan sosa na kwana biyu, na kuma ga wanda rashinta ya raba har ba a zuwa jana'izar juna. Dattijon kirki ba ya fushi don an ce a rubuta, ai Alƙur'ani ma ya ce a rubuta bashi.

Kuskure na biyu: sayen fili da rani. A watan Maris duk ƙasar Adar kama ɗaya take, busasshiya, shimfiɗe, gwanin sha'awa. Amma ƙasarmu ta duwatsu ce. Ruwa ba ya tsayawa ya shige a kan tudu, gangarowa yake da gudu ya bi koramu, kuma hanyar da ya bi shekara 20 da suka wuce yana nan yana tune da ita. Daminar 2024 ta nuna wa kowa. Wani maƙwabcina, tela, ya gama ɗaki biyu da zaure a wurin da ya samu rabin kuɗi. Da asuba muka je taya shi, muka tarar da katangar gabas kwance, keken ɗinkinsa cikin laka har wuya, matarsa na tsaye da goyo tana riƙe da tukunya guda, ita kaɗai ta iya fitarwa. Wani tsoho da ke wurin ya ce tun suna yara nan suke wanka in an yi ruwa. Ba wanda ya tambaye shi kafin a saya.

Ni ba na sayen wurin da ban gani cikin Agusta ba, da safe, bayan an kwana ana ruwa. In dole ta sa sai da rani, ina duba ƙasa: farin rairayi mai laushi da ya kwanta kamar an share, karare da ledoji da suka maƙale a gindin itace duk ta gefe guda, laka mai tsattsagewa. Ina kuma tsoron wurin da aka haƙi tubali aka cike da shara, don gini a kansa sai ya zauna. Dillali ba zai gaya maka ba. Yara masu kiwo nake tambaya, da tsofaffin mata masu itace.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka sayi wurin da ya ci burtali ko mashaya, dokar makiyaya ta 2010 ta hana, kuma shanu ba za su sake hanya don katangarka ba. A yanke la'adar dillali kafin ciniki. Ka tambayi nisan famfo da turken wuta, don sayen ruwa a kura kullum haya ce ta biyu. Fili in ka saya ka kafa duwatsun iyaka da siminti, ka dasa bedi ko biyu, in ba haka ba garmar maƙwabci na cin taku guda kowace damina.

'Yan ci-rani, ku daina turo kuɗin gini a dunƙule. Kuɗi in sun sauka gida, ga rashin lafiya, ga suna, ga hatsi ya ƙare, kuma wanda ka ba amana ba zai iya kallon uwarku da yunwa ya sayi ƙarfe ba. Ware na cefane daban. Na gini kuma mataki-mataki, kowane mataki da hotonsa.

Haka masu zana gidan da ya fi ƙarfinsu. An ji gwamnati ta rage kuɗin siminti a Oktoban 2024, ga masana'antar siminti ta Malbaza kusa, sai kowa ya auna ɗaki shida. Ƙarfe fa? Kwano, yashi, ruwa, ladan magini? Kangaye nawa ke tsaye a bakin gari, awaki na kwana ciki, masu su na biyan haya? Ni da dutsen garinmu na yi harsashi, na ɗora ɗaki biyu, na shiga, sauran na ƙara a hankali.

Ku kuma manoma masu sayar da gonar da ke ci da gida don farashi ya yi daɗi, ku yanki gefe in ta kama, kada ku sayar duka. Na san gidaje da yawa da yau ke awon tiya a kasuwa, alhali a da rumbunsu ke kai su wata kaka.

Filin ƙanen matata kuwa na je na gani ranar Lahadi. Magada bakwai ne, biyu na Agadas, ɗaya ba a ma gaya mata ba. Ta yamma da shi akwai farin rairayin nan. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa sai Agusta.