Fayil ya ɓace, git log ya yi shiru: ga yadda ake kama shi

Jama'a, satin jiya a nan Garwa, ga zafi ga wuta ta ɗauke batirin kwamfuta saura kaɗan, na duba aikin da muke yi ni da wani ƙanina sai na ga fayil ɗin da ke buga rasit babu shi. Da git muke aiki, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayiloli, sai na nemi tarihinsa na buga

git log -- src/rasit.py

ko layi ɗaya bai fito ba, kamar ba a taɓa rubuta shi ba, alhali da hannuna na rubuta shi wallahi.

Abin da ke faruwa shi ne, kwamit (canjin da aka ajiye a git) na haɗe rassa (layukan aiki daban-daban) iyaye biyu gare shi, wato kwamit na ƙarshe na kowane reshe. In ka tambayi tarihin fayil guda, git na isa wajen haɗewar sai ya duba wane uba ne yanayin fayil ɗin ya yi daidai da nasa, ya bi shi kawai ya watsar da ɗayan. To ƙanen nan nawa ya buɗe reshensa tun kafin a haifi rasit.py, wajen gyara rikicin haɗewa ya share shi, shi kenan git ya bi ɓangaren da fayil bai taɓa zama ba. Ƙari kuma git log ba ya nuna canjin da ke cikin kwamit na haɗewa sai ka roƙe shi, shi ya sa --diff-filter=D, mai tace inda aka share fayil, shi kaɗai ba zai fisshe ka ba.

Sai ka buɗe masa ido:

git log --full-history -m --diff-filter=D --name-status --oneline -- src/rasit.py

--full-history yana hana shi yanke hanya, -m kuma ya gwada haɗewar da kowane uba daban. Amma fa a babban aiki zai zubo maka tarkace, ni na fi son in tsaya kan babban reshe in sa --first-parent a gurbin --full-history, sai ya nuna haɗewar da ta shigo da ɓarnar, in kuwa bai nuna komai ba sai ka koma wa --full-history.

Ka samu lambar kwamit, a ce 4f2a9c1, dawo da kayanka:

git checkout 4f2a9c1^1 -- src/rasit.py

^1 shi ne uba na farko. In ya ce babu, gwada ^2, uba na biyu, don in mutum ya jawo babban reshe cikin nasa ne, iyayen sun juye. Nawa ^2 ne ya fito da shi, saura kashi 6 batirin ya mutu na tura, sannan na kira yaron na ce ƙane zo nan ka ga aikinka.