Yadda ake saka wa tsohuwar Land Cruiser ko Hilux esi da hita ba tare da an kashe inji ba

Duk shekara da zarar bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, sai ka ga masu tsofaffin jif suna zarya wajen masu esi, kowa so yake a saka masa sanyi yau-yau ɗin nan. Ni kuwa abin da nake fara ce wa mutum shi ne malam dakata tukuna, bari mu ga lafiyar injin. Motocin da nake magana a kansu su ne irin Land Cruiser 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, wadda ta cika hanyar Agadas da Dirku, da Hilux mai injin 3L, da tsohuwar Patrol da Pajero. Da yawansu haka suka fito daga kamfani ba esi, wasu kuma da shi suka zo amma tuni an kwance kayan an yar, hitar ma an toshe ta.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne esi ba ya ƙirƙiro sanyi, zafin cikin mota yake kwashewa ya kai shi gaba ya zubar a kondensa, wato wani abu mai kama da lagireto da ke huce gas ɗin esi, shi kuma kondensa a gaban lagireto yake zaune, ka ga ke nan iskar da a da take isa lagireto kai tsaye yanzu sai ta ɗebo zafi kafin ta ƙarasa. To in dama lagiretonka rabinsa ya toshe da tsatsa da laka saboda shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya, ranar da ka kunna esi a gosulo ranar allurar zafi za ta haye, daga nan sai gasket, in aka yi rashin sa'a har kan inji ya tsage. Na taɓa ganin wata mai injin 1HZ, wancan dizal mai silinda 6 da lita 4.2 da kowa ya san shi da juriya, an saka mata esi mai kyau ba a taɓa lagireto ba, sati biyu ba ta yi ba aka jawo ta da igiya. Abin ya dame ni ƙwarai don injin ba shi da laifin komai.

Saboda haka aikin farko a sauke lagireto a wanke shi, in ya ruɓe a canja, a duba famfon ruwa da murfin lagireto da kulocin fanka, sannan a tabbatar rumfar robar nan da ke zagaye da fanka tana nan, don in babu ita fankar iskar gefe kawai take kaɗawa. Sai tamostat. Na san da yawa daga cikin makanikanmu cire shi suke su ce ai ƙasarmu ba sanyi, amma ka sa a mayar da shi, shi ke riƙe inji a zafin da ya dace, kuma in babu shi hitar da za ka saka ba za ta yi ɗumin kirki da asuba ba.

In an gama wannan sai a zo kan kaya. Hanya biyu ce. Ko ka nemo na asali da aka kwance daga irin motarka, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ya gagara a aika Ladipo a Legas, ko kuma ka sayi akwatin nan da ake maƙalawa a ƙarƙashin dashbod mai ibaporeta, wato sashen da ke sanyaya iskar cikin mota, da fankarsa a haɗe. Na asalin ya fi tsabtar aiki don iskar ta ramukan dashbod za ta fito har ta gilashin gaba, sai dai in na hannu ne a gwada ibaporetar da firesha kafin ka biya kuɗi, in ba haka ba sai an rufe dashbod kaf sannan a gano yana yoyo. Na ƙarƙashin dashbod ya fi sauƙi da arha, ga mai buɗaɗɗen baya ya isa har ya yi yawa, amma doguwar mai ɗaukar mutane a baya akwati ɗaya ba zai kai ƙarshenta ba, sai an ƙara na biyu.

Kafin ka sayi komai duba wutar motar, wasu tsofaffin Land Cruiser masu dizal bolt 24 ne ba 12 ba, kuma fanka da kulocin kwamfureso, wato famfon da ke matsa gas ɗin esi, dole su dace da ita.

Kwamfureso dai ko Denso irin wanda Toyota ke sakawa, ko Sanden 508 da ya zama ruwan dare, duk suna aiki. Inda ake samun matsala birakit ne, wato ƙarfen da zai riƙe shi a jikin inji. In an samu na asali shi ke nan an huta. In kuwa mai walda ne zai ƙera, ka tsaya a kansa, ƙarfe mai kauri za a sa don injin dizal girgiza gare shi, kuma a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji da na kwamfureso a ga sun yi layi ɗaya, karkacewa kaɗan ta isa ta riƙa cinye bel tana ƙara kamar ana yanka akuya, ƙarshe ta kashe boris. A kuma bar hanyar ɗaure bel da sassauta shi.

Kondensa kada ka yi masa rowa, a nan sanyin yake. Ka sa mafi girman da gaban motar zai ɗauka, irin na zamani mai siraran hanyoyi da yawa a jere, ba tsohon nan mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa kamar maciji ba, a bar 'yar tazara tsakaninsa da lagireto a toshe gefe da soso don iska ta bi ta ciki dole, a ƙara fankar lantarki a gabansa saboda lokacin tsayuwa. Diraya kuwa, wato ɗan gwangwanin da ke tsane danshi daga gas, sabo fil za a saka, kada ka yarda da na hannu, kuma shi ne na ƙarshen ɗaurawa don yana shan danshin iska da zarar an buɗe shi. Tiyo a nisanta shi da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi, inda ya ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota a sa masa roba, kuma kada a manta da ɗan tiyon da ke fitar da ruwan ibaporeta waje, in ba haka ba ƙasan motar zai ruɓe a hankali ba ka sani ba.

Wayarin a kai wa riwaya wanda ya san aikinsa. Kowace fanka da rilenta da fis ɗinta, wutar ta taso daga batir, ba a jona a bayan makunni ba. A sa swicin firesha wanda zai yanke kwamfureso in gas ya ƙare ko firesha ta yi yawa. Tsofaffin altaneto ba su da ƙarfi sosai, ga fanka biyu ga kuloci ga fitilu da dare, in ka ga batir na sauka a sa babba, amma a lura a Hilux mai 3L famfon da ke ba birki ƙarfi a bayan altaneto yake, kada a canja da wanda ba shi da shi. Silo ma a ɗaga shi kaɗan in esi na aiki.

Yanzu maganar gas, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Motocin da aka ƙera kafin wajajen 1994 da gas ɗin R12 suka zo, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya, yanzu R134a ake sa musu, kuma man kwamfureson da suke tafiya da shi ba ɗaya ba ne, R12 da man da ake kira mineral yake tafiya, R134a kuma da wanda ake kira PAG, ba sa gauraya. In akwai ragowar tsofaffin kaya a motar a wanke cikinsu tas, a canja zobban roba zuwa koraye. Kada wani ya ɗura maka R22 na esin ɗaki don ya fi arha, fireshinsa ya fi ƙarfin kayan mota, haka R600a na firji, wannan wuta yake kamawa. Jabun gas ma ya yi yawa a kasuwa, ka sayi naka a wajen wanda ka amince da shi. Kafin a ɗura sai an jona injin bakyum ya zuƙe iska da danshi na minti 30 zuwa 45, a kashe a jira a ga allura ba ta motsa ba, in ta motsa akwai yoyo, a nemo shi tukuna. Masu buɗe gas su ce ya kore iskar da kansa ɓarna suke maka. A ɗura da sikeli gwargwadon nauyin da aka rubuta wa kayan, ba da taɓa bututu da hannu ba, gas in ya yi yawa sanyi raguwa yake, kwamfureso kuma ya wahala.

Sai hita, wadda mutane ke raina wa. Duk wanda ya taɓa tashi da asuba a watan Janairu a hanyar Bilma, ko ya hau Jos ko Mambila da hunturu, ya san amfaninta, haka da damina in gilashi ya yi hazo daga ciki, ka kunna esi da hita tare nan take ya washe. Aikinta ba wuya, ɗan ƙaramin lagireto ne a cikin dashbod da ruwan inji mai zafi ke ratsawa ta tiyo biyu, yawanci masu faɗin milimita 16, ɗaya daga kan inji ɗaya ya koma wajen famfon ruwa. In an toshe ta a baya galibi yoyo ta yi, don haka a gwada ta da firesha kafin a jona. A sa bawul a tiyon shiga wanda ke rufewa ruf, in ba haka ba da bazara ruwan zafi zai riƙa zagayawa yana cinye maka sanyin esi kana zagin mai gas a banza. A cika da ruwan kulan na gaske, a bar inji ya yi zafi da hita a buɗe har iskar da ta maƙale ta fita. Kuma don Allah duk sanyin da ake yi kada a shigar da kaskon gawayi ko risho cikin mota a rufe gilashi, hayaƙinsa ba wari, barci kawai mutum zai yi ya wuce.

Abu na ƙarshe da zan sa ka kashe wa kuɗi shi ne jikin motar kanta. Rufin Land Cruiser 70 kwano ne zalla, ƙasanta kuma zafin giya da salansa ke dukansa, ga robar ƙofa duk ta bushe ƙura na shiga. A cire silin a liƙa soso mai fuskar alminiyam, a shimfiɗa a ƙarƙashin kafet musamman kan tudun giya, a canja robar ƙofofi, a toshe duk wani rami da ke bangon inji. In an gama ka fita da ita da tsakar rana da esi a kunne, ka hau tudu, ka dawo ka tsaya minti 20 inji na silo, idonka a kan allurar zafi, in ba ta gusa daga inda ta saba zama ba sai ka cika wa mai aiki kuɗinsa.