Yadda za ka ba da jinin da zai jure zaman firigo

A labo nake aiki nan Yamai, kullum ledojin jini ne a gabana. Leda biyu da aka ɗiba rana ɗaya, aka ajiye firigo guda tsakanin digiri 2 da 6, ba tare suke tsufa ba. Wa'adinsu kwana 35 ne, ko 42 in an ƙara ruwan adanawa, amma wata ledar tun kafin nan jajayen ƙwayoyinta sun soma fashewa. Binciken REDS-III a Amurka, kan masu ba da jini sama da 13,000, ya nuna daga jikin mai jinin bambancin yake tasowa: gado, shekaru, mace ce ko namiji. Na mata ma ya fi jure ajiya.

To ɗan'uwa, ranar da za ka CNTS, cibiyar ba da jini ta ƙasa, ka ci abinci amma ka bar maiƙo. Kitse yana hawa cikin ruwan jini ya gurɓata shi. Ka sha ruwa sosai, balle da bazara. In ka haɗiyi asfirin, ka faɗa, don yana raunana ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Namiji ya bar wata 3 kafin ya sake ba da jini, mace 4, don sinadarin ƙarfe na jiki ya dawo.

Inda na fi damuwa shi ne gado. In ka san kai AS ne, wato ka gaji emasi ta gefe ɗaya amma ba ka da ciwon, kada ka ɓoye. Lafiyarka lau, jininka yana ceton babba, amma yakan toshe matatar da ake tace shi, kuma bai dace da jariri ko mai emasi ba. Haka ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, abin da ya yawaita cikin mazanmu: ƙwayoyin sukan gaji a leda, ba sa daɗewa sosai a jikin wanda aka ƙara wa. Ba korarka za mu yi ba, wallahi muna buƙatarka. So muke mu san wa za mu ba.

Ku kuma iyayen yaro mai emasi, sanin rukunin jini A, B, O kaɗai bai isa ba. Wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, jikinsa yakan koyi yaƙar baƙon jini. Ku roƙi lokotoro a binciki C, E da Kell, wasu ƙarin alamomin rukunin jini, tun kafin ƙarin farko, a rubuta a kati, ku riƙa zuwa da shi kowace asibiti.